Sabon batiri ya ƙi shan wuta

Ƴan uwa manoma na ƙasar Alela, yau salula ta zama kamar hauya. Da ita muke jin kuɗin albasa a Galmi tun ba mu ɗora buhu bisa amalanke ba. Da ita yaranmu da sunka tahi cin rani Abijan ko Ikko suke shaida muna sun aiko kuɗi. In ta mutu kwana ukku, asara ce.

Bara da bazara batirin tawa ya kumbura. Ran Laraba na sayo sabo a kasuwar Konni, jika guda da rabi. Na sa shi, na jona waya, shiru. Maƙwabcina ya ce an cuce ni, in koma in yi hwaɗa. Na ce a'a, sai na bincika tukuna, don kuɗin mota zuwa Konni ma ba banza ba ne.

Ku sani, batirin litiyom ba irin pil na rediyo ba ne. Kamhwanin Sony na Japan ya hwara saida shi a 1991. In ya cika, ƙarhinshi volt 4,2 ne. In ya sauka ƙwarai ƙasa da volt 3, akwai ɗan mai gadi cikinshi da ke ruhe ƙohwa don kada shi lalace. To, batirin da ya yi watanni cikin rumhwar ɗan kasuwa, cikin zahi, wutarshi tsiyayewa take kaɗan kaɗan. In anka jona shi, salula na iya yin rabin awa ko awa guda ba ta nuna komi ba, alhali shina sha a hankali. Mutane da yawa nan suke yada batiri mai lahiya.

Nawa ya yi awa guda, bai motsa ba. Na ari wayar caji ta wani, duk ɗaya. Sa'annan na duba haƙoran nan ukku na tagulla inda batiri ke haɗuwa da salula. Biyu na wuta ne, na ukkun shi ke gaya ma salula labarin batirin. Ƙurar hunturu da zuhwa sun yi musu tsatsa. Na goge da busasshen ƙyalle, na naɗe ƴar takarda na tokare batirin don ya yi ma gurbinshi kaɗan. Nan take alamar caji ta hito.

Sai zancen rana. A Malbaza an buɗe babbar tashar wutar rana mai megawat 7 a 2018, amma mu na ƙauye da ƙaramin allon rana muke caji, kuma mun san darajarshi tun watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke ma Nijar wuta. Da sassahe ko ranar hazo allon ba ya ba da ƙarhi sosai. Da tsakar rana kuwa, wasu na aza salula bisa allon kanshi. In zahin batiri ya wuce digiri 45, salula kan ƙi caji, batirin kuma shi tsuhwa da wuri. Allo a rana, salula a inuwa.

Jabu ma akwai. Batirin BL-5C na Nokia, wanda irinshi ya cika kasuwanninmu, 1020 ne awonshi. In kun ga mai girmanshi an rubuta mai 3000, ga shi ba nauyi a hannu, ƙarya ce. Ni ganina, duk mai saida batiri ya kamata shi gwada shi gaban mai saye.

Abin da na hi tsoro shi ne masu tada batiri da wayoyi biyu daga batirin mota. Wancan volt 12 ne, shina iya kama wuta a hannun mutum, ga ɗakunanmu na kara da rumbuna kusa. Wanda ya kumbura kuwa, kada a huda shi, kada a jehwa shi murhu, kada a ba yara su yi wasa da shi.