Na Kai Ta Jos, Ban Kai Ta Gida Ba

Iyayenmu ba su san bikin cika shekara da aure ba. Mahaifina ya zauna da mahaifiyata har mai rabawa ta raba, ban taɓa jin ya ƙirga mata shekaru ba. Yanzu kuwa abin ya shigo mana ta waya: a yanka kek, a ɗinka kaya iri ɗaya, mai hali ya ɗauki iyalinsa su tafi otal ɗin shaƙatawa su huta. Ban ga laifin haka ba, domin kyautata wa iyali ibada ce, kuma matan da ke ɗawainiya da mu dare da rana sun cancanci fiye da haka. Ni ma na yi, lokacin da muka cika shekara 20 da aure ni da Hajiya. Sai dai na tafka kuskuren da har yau yake ci mini rai, kuma ina so 'yan'uwana magidanta su ji shi tun kafin su faɗa irinsa.

Jos na zaɓa. A wurinmu mutanen Kano, Jos garin hutu ne. Yana zaune a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, shi ya sa lokacin da bazara ke gasa mu, can sai ka nemi bargo da dare. Ga duwatsun Shere, ga ruwan Assop da ke gangarowa a wajen Hawan Kibo, ga dankalin Turawa da kabeji da karas sabon tsinka. Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne Hajiya haifaffiyar garin ce, don haka na tabbatar wa kaina ba kyautar da za ta fi wannan faranta mata rai.

Kakanta yana cikin mutanen da Turawan mulkin mallaka suka kwaso daga lardunan Arewa tsakanin 1942 da 1944 don aikin tilas a ramukan kuza, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sanyi da cuta sun kashe da yawa daga cikinsu. Shi Allah ya yi masa tsawon kwana, ya zauna a Gangare, ya yi zuri'a. Mahaifinta ya yi kasuwanci a Kasuwar Terminus. Rikicin da ya ɓarke ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 ya girgiza gidansu kamar yadda ya girgiza gidajen Musulmi da Kirista da dama, sannan gobarar da ta cinye kasuwar a 2002 ta ƙarasa abin da ya rage. Suka tattara suka koma Kano, inda na same ta. Mutum ɗaya ce ta ƙi tashi, ƙanwar mahaifinta, wadda ta goye ta tun tana jaririya. Gwaggo ta ce inda aka binne iyayenta nan za a binne ta.

Na san duk wannan tarihi, amma da na zo shirya tafiya ban tuna da shi ba. Na ɗauki kwasar adashinmu na ofis, na kama ɗaki a wani otal a wajen Rayfield, na tsara inda za mu je kowace rana da abin da za mu ci. Ban shawarci Hajiya ba, wai ina so in yi mata bazata. Sai ana jibi tafiya na faɗa mata. Ta yi murna, ta yi mini addu'a, ta ce za ta ɗan leƙa kasuwa.

Muka bi ta Dajin Falgore da Saminaka, muka shiga gari ta Farin Gada. Tun daga nan ta gyara zama, tana nuna mini wurare tana kiran sunayensu. Can sai ta sassauta murya ta ce, "Alhaji, in da hali, a leƙa Gwaggo, ko gaisuwa ce a yi a tsaye."

Na ce, "Hajiya, wannan zuwan namu ne mu biyu. In muka shiga Gangare dangi ba za su sake mu ba. Sai wani jiƙon."

Ta ce, "To, Allah ya kai mu."

Dalilan da suka sa na faɗi haka ba su da kyau, kuma dole in bayyana su. Na biya kuɗin ɗaki da abinci, ina ƙyashin awa guda ta tafi a banza. Ina ɗauke da tsoron cikin gari wanda labaran shekarun baya suka dasa mini, alhali gari yana zaune lafiya, kowa na harkarsa. Mafi muni kuma, hankalina yana kan hotuna. Ina so abokai su gani su ce wane ya iya riƙon mace.

Da yamma muka zauna a bakin tafkin da ke kusa da masaukinmu, aka kawo mana shayi. Tafkunan wannan yanki tsofaffin ramukan kuza ne da ruwa ya cika. Hajiya ta ƙudundune cikin rigar sanyi da mayafi, ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta fara ba ni labarin da Gwaggo ta ba ta, yadda kakansu yake ɗaukar ƙasa da kwanon sarki a ka daga gindin rami zuwa sama, tun asuba, ƙafa ba takalmi, har gashin tsakar kansa ya zube. Ina jin ta da kunne ɗaya, hannuna na kan waya ina neman inda hasken rana zai fi kyau a fuskarta. Na katse ta na ce ta juyo ta yi murmushi. Ta juyo, ta yi.

Kashegari na kai ta gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, inda ake ajiye kawunan yumɓu na Nok da aka fara cin karo da su wajen haƙar kuza. Muka zaga har ɓangaren gine-ginen gargajiya, na tsayar da ita a jikin kwaikwayon ganuwar Kano da na tsohon masallacin Juma'ar Zariya ina ta ɗaukar hoto. Daga wurin zuwa ƙofar gidan da aka haife ta tafiyar 'yan mintuna ce a mota. Ba ta ƙara yi mini maganar ba, ni kuwa na ɗauki shirunta a matsayin ta haƙura.

Da muka dawo Kano tana kwance jaka, sai na ga ta ciro turmin atamfa da kwalbar turare da ƙullin dabino daga ƙarƙashin kayanta, ta ajiye can cikin durowa. Ashe abin da ya kai ta kasuwa ke nan. Gabana ya faɗi, amma na lallashi kaina da cewa bayan Sallah za mu koma.

Damina ba ta ƙare ba aka bugo waya bayan sallar asuba, Gwaggo ta cika. Muka kama hanyar nan dai, muka shiga unguwar da nake tsoro, ba wanda ya dube mu da mugun ido. Cikin masu zaman makoki har da tsofaffin ƙawayenta Kiristoci 'yan Birom da suka yi cinikin kayan lambu tare shekara da shekaru. A nan wata dattijuwa maƙwabciya ta riƙe hannun Hajiya, ni ina daga bakin zaure ina ji, ta ce, "'Yar nan, ai ta ji kun zo. Yara sun nuna mata hotonku a waya. Ta sa aka share ɗaki, ta yi gwaten acca, ta ce ba yadda za a yi ki shigo Jos ba ki zo ba."

Hotunan da na watsa don a yaba mini su ne suka kai wa tsohuwa labari, suka bar ta tana jiran sallamar da ba ta zo ba. Na nemi gafarar Hajiya. Ta ce ya wuce, har tana cewa ita ma da ta dage. Ban yarda ta ɗauki ko kaɗan daga laifin ba, domin ta faɗa, ni ne ban saurara ba.

Abin da na koya mai tsada ne. Matanmu an rene su da kunya da kawaici, da yawansu sau ɗaya suke roƙo, a hankali, in aka hana su ce "to". Magidancin da ya ɗauki wannan "to" a matsayin yarda yana zaluntar matarsa bai sani ba. Na kuma gane cewa kyautar da aka shirya ba tare da shawarar mai ita ba, sau da yawa mai bayarwa take yi wa hidima. Shekara 20 da nake murnar cikarsu ba ni kaɗai na gina su ba. Haƙuri da tarbiyyar da na ci moriyarsu a gidana wata ce ta shuka su a wani ɗaki a Gangare, ita ce ta fi cancanta a fara kai wa godiya a ranar. Zumunci a ƙafa yake, kuma tsofaffi ba sa jiran jadawalin kowa.

Duk mai niyyar kai iyalinsa Jos ko wani gari don irin wannan murna, ya kai su, Allah ya sa albarka. Amma kafin ya biya kuɗin ɗaki ya zaunar da ita ya tambaye ta ina take so ta je, wa take so ta gani, ya kuma saurari abin da ta faɗa da ƙaramar murya. In garin akwai nata, a fara sauka a ƙofar manya a yi gaisuwa, otal ba inda za shi. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mini, ya dawwamar da zaman lafiya a Filato.