Ni da Malmalar Tuwo

A wurinmu in namiji ya ajiye tumbi ba a yi masa jaje, yabo a ke yi masa. Shekara goma ke nan, duk ranar Lahadi in an tashi sujada sai wani ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, lalle uwargida ta iya riƙon miji." Ni kuwa sai in yi murmushi, ina jin daɗi a raina. Tela yana ta ƙara mini yadi, ban taɓa tambayar kaina ko ina wannan hanya za ta kai ni ba.

Ranar da idona ya buɗe ita ce ranar wasannin makarantarmu, a watan Fabrairu na 2023. Aka ce malamai su ma su yi tseren mita 100. Ban kai rabin fili ba sai numfashina ya sarƙe, jiri ya ɗebe ni, na durƙusa a ƙasa. Yara suka yi ta dariya, suna tsammani wasa na ke yi. Kashegari na tafi asibiti. Aka ɗora ni a sikeli, kilo 94, tsawona kuwa mita 1.70. Ma'aikaciyar jinya ta yi lissafi a gabana: a ninka tsawo da kansa, a raba nauyi da abin da aka samu. Nawa ya ba da 32 da ɗoriya. Ta ce daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuwa ƙiba ce ta sosai. Jinina ya hau, sukarin jinina kuma yana bakin iyaka.

Da na fito sai na zauna a gindin wata bishiya na daɗe. Mahaifina ya rasu yana da shekara 56, bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Ni a lokacin ina da 44, 'ya'ya huɗu, autarmu ba ta gama aji ɗaya ba. Na tuna yadda mahaifiyarmu ta sha wahala da mu, sai tsoro ya kama ni.

Likita ya tambaye ni abin da na kan ci tun daga safe har dare, na lissafa masa. Da safe shayi da sukari cokali huɗu da rabin burodi. Da hantsi masa ko ƙosai da kunu. Da rana shinkafa ko doya, in kora da lemon kwalba. Da dare tuwon masara malmala biyu, wani lokaci uku. Ya ce, "Malam, sunayen abincin sun bambanta, amma kusan abu ɗaya ka ke ci sau huɗu a rana." Ya bayyana mini cewa masara, dawa, gero, shinkafa, acca, doya, rogo, dankali da alkama duk sitaci ne ya fi yawa a cikinsu. In sun shiga ciki sai su narke su zama sukari a jini. Jiki ya kan fitar da wani sinadari mai suna insulin domin ya kai sukarin inda za a ƙone shi, abin da ya yi saura kuwa a ajiye, akasari ya zama kitse. Manomin da ke yini a bakin garma yana ƙone nasa. Ni da ke tsaye gaban allo, in koma gida a babur, ajiya kawai na ke yi.

Na shiga bincike, na tarar dabarar rage sitaci domin rage ƙiba ba sabuwa ba ce. A 1863 wani mutumin London mai sana'ar shirya jana'iza, William Banting, ya buga ɗan littafi a kan yadda ya bar burodi, sukari, giya da dankali bisa ga shawarar likitansa, ya rage fiye da kilo 20 cikin shekara guda. A 1972 wani likitan Amurka, Robert Atkins, ya sāke tā da zancen, ya bazu cikin duniya. Na karanta wannan, zuciyata ta ɗauki zafi. A nan ne na yi kuskuren da ya sa na ke rubuta wannan labari.

Na dawo gida da yamma, ban zauna da matata mun yi shawara ba. Sai kawai na sanar, kamar ina karanta dokar makaranta, cewa daga yau ba tuwo, ba shinkafa, ba burodi, sai nama da ƙwai da ganye. Ta riga ta tuƙa tuwo ta kwashe. Ta kawo mini, na tura kwanon gefe. Ba ta ce kome ba a gaban yara. Da dare ya yi ta ce, "Malam, shekara 17 ina tuƙa maka tuwo kana ci kana sa albarka. Yau ne ya zama guba?" Na amsa mata da bayanin insulin. Wanda ya yi aure ya san wannan ba amsa ba ce.

Mako na fari na rage kilo 3, na yi ta fahariya a ofishin malamai. Daga baya na gane yawancinsa ruwa ne. Jiki yana ajiye wani sukari a hanta da tsoka, kowane giram ɗaya kuma yana riƙe da ruwa kamar giram 3. In an daina cin sitaci wannan ajiya ce ke fara ƙarewa, ruwan ya fita ta fitsari. Ban da haka na sha ciwon kai da kasala, cikina ya ɗaure, raina kuma ya yi saurin ɓaci. Na yi wa wani yaro tsawa a aji a kan abin da bai kai ya kawo ba, har yau ina jin kunyar wannan.

Ga kuma zancen kuɗi. Albashin malami ba ya ɗaukar nama kullum. Kafin tsakiyar wata kuɗin cefane ya yi ƙasa. Wata safiya ina cin ƙwai uku ni kaɗai, na ɗaga kai na ga autarmu ta ajiye kofin kokonta tana kallon bakina. Ƙwan ya tsaya mini a maƙogwaro.

Abin da ya fi duka shi ne ranar da muka je gaisuwa da Fasto gidan wata tsohuwa gwauruwa ta ekklesiyarmu. Ta ji za mu zo, ta yi tuwon dawa da miyar kuka daga ɗan hatsin da ya rage mata. Na ce, "Mama, na gode, ai na daina cin tuwo." Na ga fuskarta ta sāke. A hanya Fasto ya ce mini, "Malam, ba na hana ka neman lafiya. Amma matar nan abincinta na gobe ta ba ka. Loma biyu ba za su kashe ka ba, ƙin da ka yi kuwa ya kashe mata zuciya." Ban sami abin faɗi ba.

A rana ta 12 na fāɗi warwas. Na tsaya wurin mai masa a bakin tasha, na ci har ban san adadi ba, na ƙara da lemon kwalba, na share baki na koma gida kamar ban yi kome ba. Ni da ke koya wa yara gaskiya, ga ni ina cin abinci a ɓoye kamar ɓarawo.

A daren nan na buɗe Littafin Daniyel sura ta fari, wadda na sha koyarwa a makarantar Lahadi. Daniyel ba ƙiba ya ke gudu ba, yana kiyaye kansa ne daga abincin sarkin Babila. Amma na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. Bai ture kwano ba, bai yi shela ba. Ya roƙi mai lura da su cikin ladabi, ya kula da tsoron da mutumin ke ji, ya nemi a gwada su kwana goma a gani. Ni kuwa a gidana, inda a ke ƙaunata, na yi abin da bawa a ƙasar baƙunci bai yi ba. Na tā da matata na roƙe ta gafara. Na faɗa mata abin da ban faɗa ba tun farko, wato ina tsoron in mutu irin mutuwar mahaifina. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Da ka faɗa mini haka tun ranar, ai da ni zan fara rage maka."

Muka koma asibiti tare. Likita ya yi dariya da ya ji labarin. Ya ce ba lalle ne a yanke sitaci gaba ɗaya ba. In mutum bai wuce giram 130 a rana ba, an riga an lissafta shi cikin masu ragewa. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana da kamar giram 45, yankan burodi ɗaya kamar 15, ƙwai da kifi kuwa kusan babu. Kwalbar lemo ta santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kamar cokali 12, in ya yi ƙasa da haka ma ya fi. Daga baya na karanta wani gwaji da Jami'ar Stanford ta Amurka ta buga a 2018. Mutum 609 aka raba biyu, waɗansu suka rage sitaci, waɗansu suka rage mai. Bayan shekara guda kowane ɓangare ya rage tsakanin kilo 5 da 6, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ashe asirin ba a tsananin doka ya ke ba. Tsarin da mutum zai iya riƙewa shekara da shekaru shi ne mai amfani.

Matata ce ta tsara abin da ni mai takardar difloma na kāsa. Malmala ɗaya da dare, girman dunƙulen hannuna, miya kuwa ninki biyu: kuka, kuɓewa, karkashi, yakuwa, ko taushe da ganye mai yawa. Da safe shayi ba sukari, da ƙwai ɗaya ko alala. Da rana kwaɗon zogale ko na rama da ƙuliƙuli, ko wake da alayyafo. Wake yana da sitaci, amma yana riƙe ciki, ba ya kuma tā da sukari da sauri kamar farar shinkafa. In yunwa ta taso tsakanin darasi, gyaɗa cikin tafin hannu, ko yalo, ko gurji. Maimakon nama sai awara da busasshen kifi da nono marar sukari. Ta shuka zogale da alayyafo a bayan ɗaki. Tukunya ɗaya mu ke ci da yara, su suna cin tuwonsu yadda su ke so gama suna girma, ni ne kawai na ke auna nawa. Kuɗin cefane ya koma daidai, abin da na ke kashewa a lemo da masa kuma ya ishe mu sayen ƙwai, kowa ya samu. Na ajiye babur, ina takawa zuwa makaranta, minti 25 zuwa, 25 dawowa.

Ba a yi mu'ujiza ba. Wani wata kilo ɗaya ke fita, wani wata sikeli ya tsaya cik. Kirsimeti ta zo da shinkafa da cincin, na mai da kilo 2, na sāke farawa. Amma bayan shekara guda na sauko zuwa kilo 84. Sukarin jinina ya koma daidai, hawan jinin ya sauka, ko da ya ke har yanzu ina zuwa awo. Masu yabona na dā sun fara tambayar matata a asirce ko lafiya na ke, ko kuwa bashi ne ya yi mini yawa. Ita kuwa sai ta ce musu, "Riƙon ne ya sāke salo."

Na koma gidan tsohuwar nan. Ta sāke yin tuwo, na wanke hannu na ci rabin malmala, na shanye miyar, na yi godiya. Ta sa mini albarka har na ji kunya. Yanzu haka na ke yi a gidan biki da gidan makoki: in karɓa, in ci kaɗan, in gode. Ba wanda ya taɓa jin haushi.

Ya ɗan'uwa mai karatu, in kana so ka fara, ga abin da na koya da wahala. Ka fara zuwa asibiti a auna ka. In kana shan maganin ciwon sukari ko allurar insulin, kada ka rage sitaci sai da sanin likita, gama sukari yana iya fāɗuwa ƙasa ƙwarai har mutum ya suma. Mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki ko mai shayarwa, su ma sai da shawarar likita, yara kuwa ba a sa su cikin wannan. Ka fara da abin da ya fi sauƙi, wato lemon kwalba da sukarin shayi, kafin ka taɓa tuwo. Ka sha ruwa sosai, ka yawaita ganye. Kada ka ɗauka rage sitaci izni ne na shan mai da kitse, domin giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitaci kuwa 4. Fiye da kome, ka zauna da wadda ke dafa maka abinci tun kafin ka yanke shawara, ka faɗa mata dalilinka na gaskiya.

Tuwo ba maƙiyi ba ne. Da shi iyayenmu suka goye mu, akwai kuma gidaje da yawa da ke roƙon Allah ya ba su malmala ɗaya a yau. Abin da ya ɓace mini shi ne kamewa, wadda Manzo Bulus ya lissafta cikin 'ya'yan Ruhu a wasiƙarsa ga Galatiyawa. Na ga ashe mutum yana iya rasa ta wajen ci, ya kuma rasa ta wajen ƙin ci. Jikin nan amana ce, iyali ma amana ne, bai kamata a gyara ɗaya a ɓata ɗaya ba.

A wasannin makaranta na 2024 na sāke shiga tseren malamai. Ni ne na zo na ƙarshe, amma na kai layi da ƙafafuna, autarmu tana tsalle a gefen fili tana kiran "Baba! Baba!" Ubangiji ya ba mu lafiya da hikimar riƙe ta. Amin.