Ɗan damben da ba shi da makaɗi

A filin kokowa ko na dambe a ƙasar Hausa, ba a cika damuwa da ko gwani ya iya magana ba. Yana da makaɗi da maroƙi masu ɗauke masa wannan nauyi, su faɗi asalinsa, su lissafa mazan da ya kayar, su tsokano masa abokin karawa. Shi nasa kirari ne na ɗan lokaci, sai ya koma ga aikin hannu. Da yawanmu ba mu taɓa ganin Shago a fili ba, ta bakin Ɗan Anace muka san shi.

Damben gauraye da ake kira MMA, wanda ake haɗa naushi da shuri da kokowa a cikin keji, ba shi da wannan tsari. A gasar UFC ta Amurka, da zarar an ɗaga hannun wanda ya yi nasara, sai a miƙa masa makirfo yana haki, jini na zuba, a ba shi minti ɗaya ko biyu. A wannan ɗan taƙi zai gode wa masu gidansa, ya ambaci wanda yake son karawa da shi nan gaba, wani lokacin har ya roƙi tukuicin da aka daɗe ana ba wanda ya fi burgewa a daren. Shi ne ɗan damben, shi ne maroƙin kansa, kuma da Ingilishi ake so ya yi, domin masu biyan kuɗin kallo mafi yawansu Amurkawa ne.

Mu nan Maraɗi muna kallon waɗannan wasanni ne a waya, galibi da safe, don lokacin da ake gwabzawa a Las Vegas mu asuba ta kawo jiki. Samarin fadarmu da an gama faɗa suke wucewa zuwa na gaba. Ni kuwa hirar bayan faɗa ce take tsayar da ni, saboda na yi shekaru ina tafinta tsakanin Faransanci da Hausa a ƙauyuka, kuma na san abin da ke zubewa a hanya. Dattijo zai yi minti biyar yana bayani da karin magana da zambo a lulluɓe, kai kuma ka juya ka ba baƙo jimla biyu, ba don mugunta ba, sai don lokaci ya ƙure kuma baƙon ba shi da wurin ajiye sauran. In na ga ɗan Birazil ya yi dogon zance idonsa ya kaɗa, tafinta ya ce yana gode wa Allah da masoyansa, na san an bar kaya da yawa a tasha.

José Aldo shi ne wanda abin ya fi ba ni tausayi. Ya yi kusan shekara goma ba a doke shi ba. A 2015 aka zagaya da shi birane tare da Conor McGregor don tallata karawarsu. McGregor yana jefa magana, ɗaki ya ɗauki dariya nan take, shi kuwa Aldo sai ya jira an fassara masa, ya amsa da harshen Fotugal, a sake fassarawa. Kafin amsarsa ta iso an riga an wuce wurin. A watan Disamba na shekarar aka buge shi cikin daƙiƙa 13. Ba rashin Ingilishi ya kayar da shi ba, hannun hagu ne ya same shi a muƙamuƙi. Amma waɗanda suka fara kallon wasan a wannan shekara sun ɗauke shi wani shiru-shiru da aka kawo don a yi masa dariya, alhali a ajinsa ba a taɓa yin kamarsa ba kafin nan. Anderson Silva ma ya daɗe yana magana ta bakin manajansa Ed Soares, kuma duk wanda ya taɓa tafinta ya san irin jarabar da ke cikin haɗa waɗannan ayyuka biyu: mai kare maka kasuwa ba zai so ya fassara maganar da za ta ɓata kasuwar ba.

Khabib Nurmagomedov na Dagestan ya bi wata hanya. Da harshen Abar da Rashanci ya tashi, ya shiga UFC a 2012, ya tsinci Ingilishinsa a ɗakin atisaye na San Jose a wurin abokan horo. Bai jira ya gyaru ba. A Nuwamban 2016 a New York, yana danne da Michael Johnson yana dukansa yana kuma ce masa ya sallama, domin shi kambu yake nema. Da aka ba shi makirfo ya kira McGregor kaza, ya kwatanta yawan mutanen Ayilan da na Rasha, ƴan kallo suna yi masa ihu. Ingilishin a karye yake, babu ado, amma kowa ya gane, kuma karyewar ce ta ƙara masa kwarjini, har mutane suka riƙa kwaikwayonsa. Karawarsu ta 2018 an sayi kallonta kusan sau miliyan 2.4, adadin da UFC ba ta taɓa samu ba. A 2020 kuma, bayan rasuwar mahaifinsa, da wannan Ingilishin ya tsaya a Abu Dabi ya ce ya yi wa mahaifiyarsa alkawari ya daina. Ban ga tafintan da zai iya ɗaukar wannan magana ya kai ta yadda ta fito ba.

Za a ce to ga Alex Pereira, wanda ya fara aiki a shagon taya tun yana yaro a Birazil, ya ci kambu a aji biyu, ya jagoranci UFC 300 a 2024, kuma har lokacin kocinsa Plinio Cruz ne ke fassara masa. Gaskiya ne. Sai dai mutum nawa ne ke da hannun Pereira? Wanda yake sumar da maza haka, shirunsa ma talla ne. Sauran ɗaruruwan da ke cin wasa da maki, su ne ake mantawa da su in ba su iya buɗe baki ba.

Duk wannan batun talla ne. Inda harshen ya fi tsada a ganina shi ne wurin takarda, kuma Francis Ngannou ne ya nuna haka. Ɗan Batié ne a yammacin Kamaru, ɓangaren masu Faransanci, ya yi aikin haƙar yashi yana yaro. Ya ratsa hamada zuwa Maroko, hanyar da mu ƴan Nijar mun san masu bin ta, ya tsallaka Sifaniya aka tsare shi wata biyu, ya isa Faris a 2013 yana kwana a titi. Lokacin da ya shiga UFC a ƙarshen 2015 da tafinta yake hira. A 2021, da ya doke Stipe Miocic, ƴan Afirka uku ne ke riƙe da kambu: shi da Kamaru Usman da Israel Adesanya. Biyun ƴan asalin Najeriya ne da suka girma cikin Ingilishi, ɗaya a Amurka ɗaya a New Zealand. Ngannou kaɗai ne ya koye shi da gemunsa, bayan ya koma Las Vegas.

A Janairun 2022 ya kare kambunsa a hannun Ciryl Gane, aka bayyana ladansa dala 600,000, kuɗin da manyan ƴan damben boksin ba za su ɗaura safar hannu a kansa ba. Bayan shekara guda ya bar UFC da kambun a hannunsa. Shugaban kamfanin, Dana White, shi ya fara fitowa ya ba da labarin yadda ya ga dama, yana nuna cewa Ngannou ya ƙi kuɗi mai yawa don yana neman abokan karawa masu sauƙi. Kwanaki kaɗan bayan haka Ngannou ya zauna a shirin Ariel Helwani ya yi bayani da bakinsa, a hankali, da lafazinsa na mai Faransanci. Ya ce ya nemi inshorar lafiya ga ƴan wasa, da damar saka tallar kansu, da wakili mai magana da yawunsu a inda ake yanke shawara, aka ƙi. Da a ce Ngannou na 2015 ne, da wannan bayani ya ratsa ta bakin wani, ya fito a taƙaice, labarin White ya zauna. A Oktoban 2023 ya kai Tyson Fury ƙasa a zagaye na uku a Riyad, duk da alƙalai sun ba Fury wasan.

Akwai abin da ba ya yi mini daɗi a nan, kuma ba zan ɓoye ba. Ba a taɓa tambayar ɗan wasan Amurka me ya sa bai koyi harshen Fotugal ba in zai yi wasa a Rio. Nauyin koyo kullum a kan wanda ya zo daga nesa yake, bayan atisaye sau biyu a rana da yunwar rage nauyi. Sa'annan mutumin da muke gani da Ingilishi ba shi ne cikakken mutumin ba. Na saurari Ngannou da Faransanci, ya fi sauri, ya fi barkwanci, kuma ina zaton da harshen gidansu ya fi haka.

Ƙofar ta fara buɗewa ta wajenmu. Faransa ta halatta MMA a 2020, UFC ta yi wasanta na farko a Faris a 2022, kuma Oumar Kane na Senegal, wanda ake kira Reug Reug, daga kokowar gargajiya ya fito ya ci kambun masu nauyi na gasar ONE a 2024. In wani daga cikin masu neman takobi a filayenmu ya bi sawunsa, Faransancin lakwal zai iya kai shi Faris ko Dakar. Daga can kuma za a ajiye masa kwantiragi mai shafuka da yawa da Ingilishin lauyoyi, makaɗinsa yana Dosso ko Tawa.