Ƙarashen aiki ya fi farawa wuya

Mu nan Dilimi da Gangare mun iya fara abu. Yaro zai tsinto gwangwani da waya ya ƙera jirgin sama, mu taru muna "kai, Allah ya yi basira!" Daga nan kuma shiru kake ji.

Mu tuna Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero a wancan lokacin. A 2007 ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin Honda Civic da tarkacen motoci. Ya tashi kam, amma bai wuce ƙafa 7 ba. A Kaduna kuwa an haɗa wa sojojin sama jiragen Air Beetle guda 60 daga samfurin RV-6A na Amurka, irin wanda mutane ke saye gunduwa-gunduwa su haɗa a gida. Waɗannan sun yi shawagi, har an koyar da tuƙi da su.

Wajen ƙarashe aka bambanta. Kafin jirgi ya tashi sai an ɗora shi a sikeli an ga inda nauyi ya rinjaya, an gwada bututun mai, an bi kowane noti, sannan hukuma ta duba ta sa hannu. Balle mu Jos da muke kan tudu, wajen mita 1,200: iska ba kauri, inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa.

Wannan matakin ba tafi a cikinsa, kuɗi yake ci da haƙuri. To masu hannu da shuni, in yaronmu ya kawo nan, kada mu sallame shi da kirari. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana nan Zariya, kuɗin makaranta yake buƙata.