Wa ke karanta ƙorafinka bayan ka tura wa kamfani?

1/ Duk wanda ya taɓa tura ƙorafi ga kamfanin intanet ko banki ko makaranta, aka ba shi wata lamba aka ce "za mu tuntuɓe ka", to ƙorafin nan ya shiga wata manhaja ne ya zama tikiti. Mutum nawa ne a cikin ofis ɗin ke iya buɗe shi su karanta? Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni.

2/ Ku fara tuna abin da ke cikin tikiti. Cikakken suna, lambar waya, kwatancen gida har da launin ƙofa, hoton rasit, wani lokaci har da "ku zo bayan La'asar, maigidan ba ya nan da safe". Mutum yana rubuta wannan ne da zaton ma'aikaci ɗaya zai gani.

3/ SIWES ɗina na yi shi a wani ƙaramin kamfani mai kai intanet gidaje da shaguna, wajen Gyadi-Gyadi. Daga gidanmu a Daurawa adaidaita ɗaya ce. Ba zan faɗi suna ba, kar ma wani ya biyo ni DM. Suna amfani da osTicket, manhaja ce ta kyauta da kowa zai iya ɗorawa a kan sabarsa. Ranar da aka buɗe min asusu na ga ina iya ganin komai. Ni ɗan koyon aiki na wata shida. Tikitin kuɗi, na gyara, na rigima, har maɓallin gogewa yana gabana.

4/ Haka kowa yake a wurin. Mai hawa rufi ya ɗaura na'ura, mai karɓar kuɗi, ƙanin oga da ke leƙowa ran Asabar, duk matsayi ɗaya aka ba su: na mai iko da komai.

5/ Wata baiwar Allah ta kawo ƙorafi cewa intanet ɗinta na yankewa. Aka gyara. Kwana biyu sai ga ta da kanta a ofis, ranta a ɓace, wai wani yana turo mata saƙo da daddare a WhatsApp, ya san sunanta, ya san layinsu, ya ce a wurinmu ya ga lambarta. Oga ya tara mu yana tambayar waye. Wa zai ce shi ne? Kowa na da damar buɗe tikitin, kuma uku daga cikinmu ma da asusu ɗaya suke shiga. Matar aure ce. Ku da kuka san Kano kun san abin da saƙo ɗaya irin wannan zai iya jawo wa mace a gidanta. Tarauni ba ta da girman da magana za ta ɓata a hanya.

6/ Bayan nan ne oga ya ce min, "Kai ɗan jami'a, ba kwamfuta kake karanta ba? Gyara mana abin nan." Ashe duk kayan gyaran suna cikin manhajar tun farko, ba wanda ya taɓa su ne kawai.

7/ Ga yadda abin yake. Akwai tambaya biyu daban. Ta farko: waɗanne tikitoci mutum zai gani? Wannan sashe ke yanke shi. Sai na buɗe sashen kuɗi, sashen gyara, sashen sababbin kwastomomi, kowane ma'aikaci aka ajiye shi a nasa. Ta biyu: cikin waɗanda yake gani, me zai iya yi musu? Wannan kuma matsayi ke yanke shi. Amsa wa kwastoma izini ne guda, miƙa tikiti ga wani sashe izini ne guda, rufewa daban, gogewa daban. osTicket ma tana zuwa da matsayi huɗu a shirye, daga mai iko da komai har zuwa mai kallo kawai.

8/ Kamar gidan gargajiya ne. Baƙo iyakarsa soro, ɗan gida ya shiga tsakar gida, amma makullin ɗakin ajiya a hannun mutum ɗaya yake. Ba wanda ya taɓa cewa an wulaƙanta shi don an tsayar da shi a soro.

9/ Abin da ya fi yi min amfani shi ne wani ɗan akwati da ake dannawa, wanda ke hana ma'aikaci ganin kowane tikiti sai wanda aka ɗora masa. Masu fita gyara duk na danna musu shi. Yau an ba ka gida uku a Unguwa Uku, ukun nan za ka gani, shi ke nan. Gogewa kuwa na cire wa kowa sai oga. Kuma izinin a jikin matsayi na liƙa shi, ba a jikin mutum ba, don in an ɗauki sabon ma'aikaci gobe a ce masa kai mai gyara ne, magana ta ƙare, ba sai an zauna ana zaɓar masa ɗaya bayan ɗaya ba.

10/ Danne-dannen bai kai awa biyu ba. Rigimar ce ta ci mako. Wani babba a wurin ya tare ni ya ce, "Yaro, shekara nawa ka yi a nan da za ka rufe min ƙofa?" Na ce, "Yaya, ranar da aka sake kawo irin ƙarar nan, sunanka ba zai shiga cikin waɗanda ake zargi ba, tunda ba ka ma iya buɗewa." Ya yi shiru, amma gaisuwa sai da ta yi sanyi kwana biyu 😅 A wurinmu ana ɗaukar izini a manhaja kamar girma, wanda aka rage wa sai ya ji kamar an ce ba a yarda da shi ba. Ni a ganina wannan ne asalin dalilin da ake barin kowa ya zama admin, ba rashin sani ba.

11/ Kar ku ce matsalar ƙananan kamfanoni ce. Wannan dandalin da muke kai, lokacin yana Twitter, ran 15 ga Yuli 2020 aka ƙwace asusun Barack Obama da Bill Gates da Elon Musk aka yi damfarar Bitcoin da su. Asusu 130 aka kai wa hari, aka yi rubutu da 45. Ta yaya? Waya aka yi wa ma'aikata, aka ce daga sashen taimako na kamfanin ake kira, aka karɓe musu kalmar sirri, aka bi ta nan har aka kai ga manhajar cikin gida da ake sarrafa asusun mutane da ita. Jagoran abin yaro ne ɗan shekara 17 a Florida.

12/ A Najeriya kuma yanzu akwai doka. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, da hukumar NDPC mai kula da ita. Ko ƙaramin kamfani ne tara na iya kai naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Kuma kana da haƙƙin ka tambayi kamfani wane bayani naka yake riƙe da shi, da waɗanda yake ba wa.

13/ Wanda za a tura SIWES bana aka zaunar da shi kan irin wannan manhaja, ka fara buɗe jerin ma'aikata ka kira sunayen ɗaya-ɗaya a gaban oga. Ni da na yi haka, akwai asusu biyu na mutanen da suka bar aiki tun kafin in zo, kuma duka biyun suna nan a buɗe da cikakken iko. Kulle su ake yi, ba gogewa ba, don tarihin tikitocin da suka taɓa ya zauna da sunansu.