Su Wa Ke Cikin "Mu"?

A Kwalejin Barewa ta Zariya, wadda aka kafa a Katsina a 1921, ana raba ɗalibai gida-gida: Gidan Lugga, Gidan Ɗan Hausa, Gidan Nagwamatse. Ba a duba garin yaro kafin a ba shi gida. Ranar guje-guje, Bakatsine da Bazazzagi sukan haɗa baki su ce, "Mun ci!"

Lakwal a Tawa tsarin Faransa ta gada. Aji ta sani, ba gida ba. Gasar da ke kama zukatan Adarawa ita ce kokowar ƙasa, wadda aka soma a Tawa a 1975, kuma a fagenta "mu" jiha yake bi.

Fulatanci ya bambanta "minen", ban da mai sauraro, da "enen", har da shi. Hausa "mu" ɗaya gare ta, zama ne ke yanka iyakarsa. Daga Barmu zuwa Tabalak, ɗan manomi da ɗan makiyayi benci ɗaya suke zama. In makaranta ba ta haɗa su a tuta ɗaya ba, rikicin gona da burtali ne zai koya musu wa ke cikin "mu".