Ranar da maɗori ya janye hannunsa

Har gobe ban tuna faɗuwar ba. Abin da na sani shi ne na baro Harobanda bisa babur da hantsi, cikin hunturun shekarar 2024, na ƙetare gadar Kennedy, sai na farka zaune bakin kwalta, wani mai goro yana zuba mini ruwa a ka yana tambayar sunana. Hular kwanona kuwa tana gida, rataye ga ƙusa. Wannan laifi nawa ne ni kaɗai.

A babbar asibitin ƙasa lokotoro ya haska mini fitila a ido, ya tambaye ni wace rana muke, na faɗi ba daidai ba. Ƴan'uwa suka yi karo-karo aka ɗauki hoton sikana na kai da wuya: ba jini, ba karaya. Ya ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza cikin ƙoƙon kai, kamar nono cikin ƙwaryar da aka yi tuntuɓe da ita, irin ciwon da hoto ba ya nunawa. Ya lissafa wa maiɗakina abubuwan da in ta gani ta maido ni ko da tsakar dare ne: amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashe ni daga cikinsa, jijjiga, ko mutuwar hannu da ƙafa.

Kwana biyu Inna ta iso daga Dogon Dutsi. Ta tarar da ni cikin duhun ɗaki, haske yana sukar idona, ba ni iya waiwaya sai na juya jikina duka. Ta ce: "Sun ce ba su ga kome ba, ke nan ba su da magani. Wuya ne ya goce, a kai shi ga maɗori." Daren nan kuma wani ɗan baffana ya kira daga Lyon, ya ce in nemi mai kiropiraksi ya gyara mini wuya tun da wuri. Ƙauye da Turai suka haɗu bisa shawara ɗaya, abin da ban taɓa gani ba a gidanmu.

Ga mai karatu da bai san ta ba, kiropiraksi ɗori ne irin na Amurka. Wani Daniel David Palmer ya kafa ta a garin Davenport a 1895, bisa zaton cewa galibin cututtuka daga gocewar ƙasusuwan gadon baya suke. Likitanci bai gaskata wannan zato ba, ko da yake dokar Faransa ta amince da sana'ar tun 2002. Amma ba zan zalunci Inna da ɗan baffana ba, akwai gaskiya cikin zancensu. Bugun da ya girgiza ƙwaƙwalwa yakan fizgi wuya, wuya kuma shi kaɗai yana haddasa ciwon kai da jiri. Masanan da suka taru a Amsterdam a 2022 sun ce a huta kwana ɗaya ko biyu kurum, sannan a soma ƴar tafiya a ƙasa. In jiri da ciwon wuya sun wuce kwana 10, a shiga aikin motsa wuya da daidaita jiki a hannun gwani. Murɗar farat ɗaya, wadda ake jin ƙas, a kwanakin farko, wannan wata magana ce dabam. Akwai jijiyoyin jini biyu da ke ratsa ƙasusuwan wuya su kai jini ƙeya. Ba kasafai ba, amma murɗa takan yage su, a tashi da shanyewar jiki.

Duk wannan daga baya na karanta. Ran nan ban san kome ba sai gudun ɓacin ran uwa. Muka tafi Bukoki wajen wani tsoho, shi ne ya ɗora mini hannu ina ɗan shekara tara, da na faɗo daga tsamiya. Ya zaunar da ni bisa tabarma, ya bi wuyana da yatsu gaɓa bayan gaɓa, ni kuwa na runtse ido ina jiran murɗa.

"Yaro, ka tuna yadda ka faɗi?"

"A'a, Baba."

Ya daɗe shiru. Sai ya janye hannuwansa, ya shafe su ga riga, ya dubi Inna ya ce: "Hajiya, ƙashi yana wurinsa. Abin cikin kai yake, ni kuwa ubana bai ba ni kai ba." Ya yi mini tofi, ya ba mu ɗan man kaɗe, ya ce a shafa kada a danna. Goro kaɗai ya karɓa. Inna ba ta ce uffan ba sai da muka shiga taksi, sannan ta ce tsufa ya ci ƙarfin mutumin, dā ba haka yake ba.

Da kwana 12 suka cika jiri bai bar ni ba, lokotoro ya tura ni wajen kine. Aikin ba shi da armashi: in kafa ido ga harafi ɗaya a bango ina juya kai a hankali, in yi tafiya bisa layin siminti kamar ɗan lakwal. Mako na huɗu na koma bakin aiki, da hular kwano.

Inna na faɗa wa matan Dogon Dutsi cewa man kaɗe ne ya warkar da ni, ban kuwa musa mata ba. Tsohon ya rasu da damina, Allah ya jiƙansa, ɗansa ya gaji tabarmar. Kwanan baya aka turo mini bidiyonsa a WhatsApp: ya riƙe kan wani saurayi da hannu biyu, ya fizga, an kanga waya kusa don a ji ƙarar, jama'a suna tafi.